Turminki da Gangar Kawu Mamman

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta ladabi, irin wadda na saba yi miki ina durƙushe a bakin ƙofar ɗakinki, kina amsawa kina kallon wani wuri, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa, Ya yalwata miki makwanci, Ya sanyaya shi.

Na san ba ki yi boko ba, na kuma san inda kike ba a kai saƙo. Waɗanda za su ga wannan a wayoyinsu daga baya su yi mini haƙuri, ba da su nake ba, amma ban hana su karantawa ba. Da ke nake, Inna, don maganar da ta tokare mini ƙirji, in na faɗe ta yau a gaban mazan garinmu, jibi babu wanda zai fita daga gida.

Mutanen gida duk lafiya. Jikokinki sun girma, ƙannena biyun da ke Sakkwato kullum suna kira wai in tattaro in biyo su. Turminki yana nan, ya tsage a gefe, matata Asabe ta ɗaure shi da waya ta ƙi yarda a yar. Amma ba wannan ya zaunar da ni ba. Maganar ƙanenki ce, Kawu Mamman. Kada hankalinki ya tashi, yana nan da ransa, yana cin tuwonsa. Jibi ne nake tsoro.

Bari in fara daga amanar da kika ba ni, ko da yake ba kai tsaye kika ba ni ita ba. Ni ɗan farinki ne, ke kuma mace ce mai riƙon alkunya irin ta mutanen da. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ƙannena kina kiransu, kina yi musu faɗa, kina dariya da su, ni kuwa sai dai "yaron nan". Ko ruwa kike so in ɗebo, ba ki dubana, sai ki faɗa wa iska. Ranar da ciwo ya ci ƙarfinki, da hantsi, babu kowa a ɗakin sai ni da ke, kika juya fuska ga bango kika ce, "A hwaɗa ma yaron nan shi riƙe min Mamman." Na duba hagu na duba dama ban ga wanda zai faɗa mini ba, sai na amsa da kaina. Na ce na riƙe.

Na san abin da ya sa kika damu da shi. Shi ne autanku, ke kika goye shi bayan rasuwar kaka, kuma tun yana yaro ƙafarsa ta hagu ta shanye, ba ya gudu sai dai ya ja ta. Abin da Allah Ya rage masa a ƙafa sai Ya cika masa a hannu. Gidanku gidan kiɗan noma ne, amma ko a gidan ba a yi wanda ganga ke yi wa biyayya kamarsa ba.

Kin tuna gayyar garinmu a da. Yau gonar wane, jibi gonar wane, har a zagaye gari, babu wanda ciyawa za ta cinye wa gero don ba shi da 'ya'ya maza. Da sassafe Kawu zai rataya ganga ya yi gaba, maza su bi shi da hauya a kafaɗa. Kowane manomi da takensa. Da zarar mutum ya ji an kaɗa nasa, sai ki ga mai jikoki ya duƙa yana tashin ƙasa kamar saurayi. Nawa taken kin san shi, na tsokana ne, wai mai noma yana waiwaye, don tun ina ƙarami aka san ni da tsoro. In rana ta yi tsaka sai ku ɓullo daga hanyar gari a jere, ke a gaba da ƙwaryar fura a kai, kina yi wa ƙanenki faɗa wai ya cika wa mutane kunne.

Inna, ƙasar da kika bari ba ita ce yanzu ba. Kin tafi lokacin da labarin mutanen daji yake na wasu wurare, a ji a ce Allah Ya kyauta. Yanzu ya zama namu. Hanyar Isa sai an tambaya kafin a bi, ta Sabon Birni ma haka. Akwai ƙauyukan da kike zuwa biki waɗanda yau ko kaza ba ta kwana a cikinsu. An ɗauki mutane daga gona da hauyarsu a hannu. Wasu sun dawo, wasu kuma muna yi musu addu'a ba mu san wace iri ce ta dace da su ba.

Ni ma na ga nawa. Wata damina ina cikin dawa ni kaɗai na ji babura, na kwanta tsakanin kunya, suka wuce ta gefen gona har ina jin warin hayaƙinsu. Ba su gan ni ba. Amma tun daga ranar, in na ji ƙarar babur sai in nemi wurin ɓuya, ko da na ɗan kabukabu ne a tsakiyar kasuwa. Asabe kaɗai ta san iyakar abin da ya same ni a dawar nan, ita ma don ita ta wanke wandon.

Da dattijon da ke riƙe da gayya ya kwashe iyalinsa ya bar gari, sai aka rasa wanda zai karɓa. Aka ce ni, wai ina da sanyin hali, ina sauraron kowa. Na so in yi dariya. Mai noma yana waiwaye shi ne yau uban gayya! Na karɓa dai, don na ga in ban karɓa ba a wurin za a watse.

A zaman farko muka sauya tsari kaf. Ba a ƙara fita gari guda, ba a faɗin gonar da za a je sai da safiyar ranar, ba a kai azahar a daji. Sannan muka zo kan ganga. Babu wanda ya yi gardama, don maganar a fili take. Gangar Kawu ana jinta har Kurawa in iska ta daidaita, kaɗa ta kuwa daidai yake da aika wa mutanen daji cewa ga maza nan a tattare, ku zo ku zaɓa. Muka ce a ajiye ta. Ni aka aika in faɗa masa. Ya miƙe ya rataye ta a bango, ya tambaye ni ko na ci abinci.

Muka shiga gayyar shiru. Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi haka ba, Inna. A da ganga ke cika kunnen mutum, sai ya duƙa ya manta da kansa. Yanzu kunne ya zama fili, kowane motsi sai ya shigo. Tsuntsu ya tashi daga geza, maza su miƙe. Iska ta kaɗa karan dawa, maza su miƙe. Kowa ya koma mai gadin kansa, sara ɗaya ɗaga kai, sara ɗaya ɗaga kai. Duk garin sun koma ni. Gonar da muke tashi da ita kafin rana ta yi zafi sai mu bar ta rabi, kunya a karkace, an sare gero tare da ciyawa don ido ba ya kan ƙasa.

Ba aikin kaɗai ya lalace ba. Tsoron da muka rasa inda za mu ajiye, sai muka fara ajiye shi a kan juna. Kin san Buba, ɗan Ardo na rugar bayan gari, wanda uwarsa ke kawo miki nono kina ba ta gero. Tare muka tashi, babu gonar da bai noma ba a garin nan. Mutanen daji sun kore masa shanu kaf, har da saniyar da ake tatsar wa 'ya'yansa, gona kaɗai ta rage masa. Duk da haka aka fara kallonsa a kaikaice. In ya ciro waya zai duba lokaci sai hira ta mutu. Yana gani, yana kuma zuwa, ya kama kunyarsa can gefe shi kaɗai.

Sai ranar da abin ya fashe. Ranar kasuwar Bafarawa ce, muna noman gonar liman, aka ji babur daga nesa. Ban san wanda ya fara yar da hauya ba, na dai tsinci kaina ina gudu. Kowa ya kama gabansa, wasu gabas wasu yamma, wasu ma wajen ƙarar suka nufa ba su sani ba. Wani dattijo ya taka bakin hauyar da aka yar, ta tsaga masa ƙafa, aka wuce shi yana kira. Mata masu kawo abinci suka ga maza sun taho a guje, suka watsar da fura suka juya suna salati. Gari ya ruɗe, uwaye na neman 'ya'ya. Ashe wani bawan Allah ne ya ɗauro awakinsa zai kai kasuwa, ya ɓata hanya. Buba ne ya koma ya ɗauko dattijon a bayansa. A da, irin wannan sai a shekara ana tsokanar juna da shi. Wannan karon babu wanda ya yi dariya, kowa ya koma ya ɗauki hauyarsa ba ya son haɗa ido da ɗan'uwansa.

Daga nan aka fara janye jiki. Wannan ya ce zazzaɓi, wancan ya ce ya yi baƙi. Na san ba zazzaɓi ba ne, su ma sun san na sani.

A gida kuma ƙanenki yana narkewa. Bai yi ciwon da za a ce ga shi ba. Ya dai daina fita, ya rage ci, rigarsa ta yi masa yawa. In na je gaishe shi sai in tarar da shi a zaure yana taɓa gwiwarsa da yatsu a hankali, take bayan take, na rayayyu da na waɗanda suka riga mu. Ɓera ya ci fatar gangar, bai ko sauke ta ya duba ba. Ina kawo masa kifi daga Isa, ina kawo masa goro, ina ce wa kaina ai ga shi na riƙe shi, yana cikin gari babu abin da zai same shi. Amma ko ni na san da za ki leƙo ki gan shi, sai kin tambayi iska abin da yaron nan ya yi da amanarki.

Aka kira zama bayan la'asar a ƙofar masallaci, kowa kuma ya san zaman raba gayya ne. Kowa ya noma abin da ke bakin gari, mai gona nesa ya yi ta kansa. Ina zaune ina jinsu, sai daga wani gida aka fara daka. Ban san ko wace ce ba. Ƙarar taɓarya ce kawai, amma ta mai da ni gidanmu.

Kin tuna tsamiyar da ke hanyar rijiya, wadda yara ke cewa akwai masu abu a cikinta? Kowace yamma sai an aike ni ɗebo ruwa, kuma dole ta ƙarƙashinta za ni bi. Ina tsayawa a bakin darni da tulu ina share hawaye a ɓoye. Da wata uwar ce, da ta kama hannun ɗanta ta raka shi, amma ke alkunya ba ta bar ki ba. Ba ki kuma ce mini babu komai a tsamiya ba, don kin san ba za ni yarda ba. Sai kika jawo turmi kusa da darni, inda ake hangen hanya, kika ce wa iska, "A hwaɗa ma yaron nan, muddin shina jin turmi ana ganinai. In turmi yat tsaya, shi aje tulu shi komo." Na tafi. Tsoron bai tafi ba, da shi na wuce tsamiyar, amma na daina waige-waige, don na san akwai mai yi mini shi. Turmin nan bai taɓa tsayawa ba sai na shigo gida.

Na miƙe na faɗa musu wannan, ni da ba na son dogon bayani a taro. Wasu suka yi murmushi, ga uban gayya yana ba da labarin tsoron tsamiya. Na ce musu mun ajiye ganga don tsoro, shi kuma bai sake mu ba, sai ma ya rarrabu kowa ya ɗauki nasa. Na ce a dawo da ganga, amma a sauya mata aiki. A sa ta a kan tudu ko suri, inda ake hangen nesa, da mai ido a gefenta. Muddin tana tashi, kowa ya duƙa kada ya ɗaga kai, an ɗauke masa wannan. In ta tsaya, babu ihu babu gudu, kowa ya ɗauki hauyarsa ya bi hanyar da aka nuna tun da safe, tsofaffi a gaba. Mata kuma kada su fito da abinci sai suna jinta.

Aka yi ta ja-in-ja har magariba ta kusa. Masu cewa kiran mutuwa ne ba ƙarya suka yi ba, ban kuma ce sun yi ba. Na dai tuna musu cewa an ɗauki mutane a gonakin da ko tari ba a yi ba, abin da muka rasa shi ne wanda zai gan su kafin su iso. Sannan na ce kowa ya faɗi abin da yake tsoro da bakinsa. Ni na fara, na ba su labarin dawa, ban da maganar wando. Da na faɗi nawa sai bakuna suka buɗe. Wani ya ce ba mutuwa yake tsoro ba, a kama shi ne iyalinsa su rasa gona a kansa. Wani ya ce tsoronsa ya sake gudu ya bar tsoho a ƙasa. Da aka zo kan Buba, ya ce shi tsoronsa biyu ne, na daji da na gari. Babu wanda ya iya ɗaga kai.

Ashe an kai wa Kawu labari. Sai ga shi yana jan ƙafa, ya tsaya a bayan taro ya ce, "In dai maganar ganga ta, ku bam min ita. Amma idona ya raunana, ku ba ni mai gani." Buba ya ce shi ne, ya yi kiwo, ya san abin da tashin tsuntsaye ke nufi. Wasu suka so su yi magana, liman ya dube su, suka haɗiye.

Inna, abin ya yi. Ranar da gangar ta sake tashi da sabuwar fata, na ga ƙarti suna share ido da hannun riga suna cewa gumi ne. Aka duƙa, kunya ta miƙe. Kawu ya kaɗa takena aka yi dariyar da aka daɗe ba a yi ba, kuma wallahi ranar ban waiwaya ba. Muka bi gonakin bakin gari ɗaya bayan ɗaya. Masu zazzaɓi suka warke. Kawu ya koma cin tuwo har yana neman ƙari, ya koma yi wa Asabe tsiya wai miyarta ba ta kama ƙafar taki ba.

Amma ba don in ba ki labarin nasara na zauna ba. Makon jiya ganga ta tsaya.

Muna tsakiyar maimai, noma na biyu, a wata gona kan hanyar Kurawa, kiɗa na tafiya, sai ɗif. Ƙafafuna suka bi abin da aka tsara. Maza suka ɗauki hauya suka bi bakin kwari a jere, tsofaffi a gaba, babu wanda ya yi ihu, babu wanda aka taka. Mata da suka ji shiru ba su fito ba. Wannan karon ba mai awaki ba ne. Buba ya hango su can nesa, babura a jere, Allah Ya sa wani wuri suka nufa.

Sai da muka kai bakin gari na waiwaya, kuma abin da na gani shi ya hana ni sukuni. Can baya, nesa da kowa, ga Kawu yana jan ƙafa, ganga a rataye, Buba na riƙe da hannunsa. Tsarin da na kawo ya fitar da kowa lafiya, amma ya ɗauki mutumin da ba ya gudu ya ɗora shi a wurin da aka fi gani, wurin da ƙarar ke fitowa, ya kuma sa shi ya zama na ƙarshen tashi. Da sun karkato, shi za su fara samu. A taro ban ga wannan ba. Shi kuwa ya gani tun ranar da ya ce a bar masa.

To, jibi gayyar Buba ce, wannan karon kuma ba ta ɓoyu ba, kowa ya riga ya sani. Gonarsa tana ƙetaren rafi, wajen daji, ruwan kuma yanzu ya kai ƙugu. Ya noma wa kowa, ya tsaya wa kowa a kan tudu, yanzu layi ya zo kansa. In ba a je ba, ciyawa za ta cinye geron da shi kaɗai ya rage masa, kowa kuma zai gane cewa gayyarmu ta masu gona a bakin gari ce kawai. Daga ranar ta mutu, ko da an ci gaba da kiran sunanta. In kuma za a je, babu mai ƙetare rafin nan sai da ganga. Sun faɗa mini ƙarara.

Ga wata kuma. Kin san al'ada, mai gayya ba ya barin ƙasa. Shi ke tarbar mutane, shi ke nuna iyaka, shi ke saran farko. Buba ba zai hau tudu a gonarsa ba. Na tambaya a taro wa zai zama idon Kawu, kowa ya sami abin kallo a yatsun ƙafarsa. Ban ga laifinsu ba.

Jiya ɗiyar Kawu, Hassu, ta zo gidana ta durƙusa tana kuka. Ta tuna mini da amanarki, don ni na faɗa musu ita bayan rasuwarki. Ta ce in hana shi, ni kaɗai yake jin magana. Asabe ba ta sa baki ba, amma ta ƙona tuwo, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Na tashi na nufi gidansa da niyyar in ce masa an ɗage gayya, ko an sami wani makaɗi, duk ƙaryar da ta fara zuwa bakina.

Na tarar da shi a zaure yana ƙara ɗaure igiyoyin ganga. Tun kafin in zauna ya gane abin da ya kawo ni. Ya ce, "Yayata da tac ce ka riƙe ni, ba cewa tay yi ka aje ni cikin ɗaki awa tsohon buhu ba. Ka aje ni, ka ga yadda na koma." Sannan ya faɗa mini abin da ban sani ba. Ya ce yawancin yammacin nan yana gidanmu, yana zaune yana kallonki. Ya ce sau da yawa garin da ke turmi ya riga ya yi laushi tun kafin in kai tsamiya, amma ki ci gaba da daka, idonki na kan hanya ta saman darni, bakinki na motsi, hannunki na rawa. Ya ce, "Ita ba tsamiya taka tsoro ba, rijiya taka tsoro, don ba ta da baki, kai ko ƙarami na. Ta hi ka jin tsoro, amma ba ta taɓa tsai da taɓarya don nata tsoron ba."

Inna, duk shekarun nan ina ɗauka ke ba ki san tsoro ba. Ina ɗauka masu tsayawa a kan tudu wasu mutane ne daban, waɗanda Allah bai sa musu abin da Ya sa mini ba. Ashe kina daka jikinki na ɓari. Ashe rabin tsorona kika karɓa kika haɗa da naki, don in iya tafiya da sauran. Kuma duk wannan ba ki taɓa ko kiran sunana ba. Na fito daga zauren ban yi masa ƙaryar ba, na zagaya bayan gida na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarki.

Ga abin da na yanke, kuma ke na fara faɗa wa, ko Asabe ba ta ji ba tukuna. Jibi ba za ni ɗauki hauya ba. Ni za ni hau tudun in tsaya a gefen Kawu. Ido dai ina da shi, in kuwa waiwaye ne, babu wanda ya kai ni a ƙasar Gobir. Abin da aka shekara da shekaru ana yi mini dariya da shi, yau ya sami aiki. In na ga abin da ban yarda da shi ba, za ni taɓa kafaɗarsa ya tsaya. In maza sun wuce, ni za ni goya shi in ƙetare rafin da shi, yadda kika goye shi yana ƙarami. Ba za a sake waiwayowa a gan shi a baya ba tare da ni ba.

Kada ki ɗauka na zama jarumi. Ina tsoron in ga mutanen daji. Na fi tsoron in gan su ƙafafuna su yanke shawara ba da ni ba, in bar ƙanenki a kan tudu. Ina tsoron idona ya ga abin da babu, in tsai da ganga a banza a bar gonar Buba rabi, ko in danne zuciyata har in makara. Ina tsoron idon Hassu. Ban sani ba ko wannan ne riƙon da kike nufi. Wataƙila da kina nan, cewa za ki yi a faɗa wa yaron nan ya kulle shi a ɗaki ya ɓoye mabuɗi. Amma na riƙe shi a ɗaki, Inna, na ga yana ƙarewa a hannuna, kuma ban san wani riƙo ba sai wannan.

Hanyar rafi ta gefen maƙabarta take bi. Ban sani ba ko kuna jin abin da ke wucewa, malamai sun fi ni sani. In dai ana ji, za ki ji gangar ƙanenki da hantsi. Muddin tana tashi, muna lafiya. In kin ji ta tsaya, kada ki ce na saki amanarki. Ki san yana bayana, muna tafe, ko gida ko inda Allah Ya nufa.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya gafarta miki, Ya saka miki da Aljanna a kan kowane bugun taɓarya da kika yi bayan garin ya riga ya yi laushi. Allah Ya tsare Kawu Mamman, Ya tsare Buba da geronsa, Ya tsare duk wanda zai duƙa jibi ya bar mana bayansa. Ya dawo da waɗanda ke hannu gun iyalansu, Ya kwantar mana da ƙasarmu. Ni kuma Ya ba ƙafafuna haƙurin tsayawa. Amin.

A faɗa wa Inna, har yau ina jin turmin.

Naki,
Yaron nan.